Giwa da Raƙumi: Matsalolin da Gwamnatin Farko ta Jamhuriyar Nijar ta Ci Karo da Su



Idan ana hirar siyasar Jamhuriya ta Farko, musamman a nan Arewacin Nijeriya, nan da nan sai hankalin kowa ya koma kan su Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano, kai ka ce mu kaɗai ne muka taɓa karɓar mulki daga hannun Turawa. Alhali kuwa nan kusa da mu, tafiyar da ba ta cika kilomita 100 ba daga Katsina zuwa Maraɗi, akwai ƙasar da ta riga Nijeriya samun mulkin kai da kusan wata 2, wadda kimanin rabin mutanenta Hausawa ne, muna auratayya da su, muna cin kasuwa ɗaya, amma ba kasafai muke sanin irin faɗi-tashin da shugabanninta na farko suka yi ba. A daren 2 ga watan Agusta na 1960, wayewar garin 3 ga wata, Jori Hamani, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Diori, ya tsaya a birnin Yamai ya shelanta wa duniya cewa Nijar ta zama 'yantacciyar ƙasa. Aka yi kaɗe-kaɗe da raye-raye, aka watse. Abin da ya biyo bayan wannan dare shi nake so mu duba, wato wace irin ƙasa aka damƙa wa Jori, yaya ya yi da ita, kuma a kan wa nauyin ya faɗa.

Yadda Giwa ta Kayar da Raƙumi

Matsala ta farko ta girmi ranar 'yancin kanta, domin ta samo asali ne daga hanyar da gwamnatin ta bi ta hau mulki. Jori Hamani da Jibo Bakari 'yan gari ɗaya ne, wato Sudure da ke kusa da Yamai, dukkansu Zabarmawa ne, dukkansu sun yi makarantar horon malamai ta William Ponty a ƙasar Senegal, kuma da farko tare suke a jam'iyyar PPN da aka kafa a 1946, reshen babbar jam'iyyar nan ta RDA mai alamar giwa. A farkon shekarun 1950, lokacin da manyan RDA suka ga ya fi musu su sasanta da hukumar Faransa, Jibo ya ce shi bai ga wurin ba. Ya koma harkar ƙungiyoyin ƙwadago, daga baya ya kafa tasa jam'iyyar wadda ta yi fice da sunan Sawaba, alamarta raƙumi. Mai karatu zai tuna cewa wannan kalma ita ce dai 'yan NEPU ke kira a Kano da Zariya, kuma irin mutanen da suka bi Malam Aminu su ne suka bi Jibo: 'yan tasha, direbobi da yaran mota, leburori, 'yan tireda, maɗinka, ƙananan malaman ofis da matan gari. A 1956 Jibo ya zama magajin garin Yamai, a 1957 kuma jam'iyyarsa da abokan ƙawancenta suka ci zaɓe, ya shugabanci gwamnatin 'yan ƙasa ta farko a ƙarƙashin gwamnan Faransa.

Ana nan sai Janar de Gaulle ya dawo mulki a Faransa a 1958, ya kawo ƙuri'ar raba-gardama ta ranar 28 ga Satumba. Zaɓi biyu ya ba ƙasashen da suke mallaka: ko a ce “i” a zauna cikin tarayya da Faransa, ko a ce “a'a” a karɓi mulkin kai nan take, a kuma yanke duk wani taimako. Seku Ture na Gini ya ce a'a, Jibo Bakari ma ya ce a'a. To amma Nijar ba Gini ba ce a idon Faransa. Tana da iyaka da Aljeriya inda ake gwabza yaƙin neman 'yanci tun 1954, tana riƙe da babban yanki na sahara, an ga alamun yuraniyom a Azelik tun 1957, ga kuma fargabar kada ta karkata ta haɗe da Nijeriya. Saboda haka aka turo sabon gwamna, Jean Colombani, aka baza sojoji, aka jawo sarakuna waɗanda dama suna jin haushin Sawaba don ta tuɓe wasu daga cikinsu. Da aka ƙirga ƙuri'u, “i” ta sami kashi 78 cikin 100, amma waɗanda suka fita zaɓen ba su kai kashi 40 cikin 100 na masu rajista ba.

A watan Oktoba aka tilasta wa Jibo sauka. Aka sake zaɓen majalisa a watan Disamba, ranar 18 ga wata aka shelanta Jamhuriyar Nijar mai cin gashin kanta cikin tarayyar Faransa, Jori ya zama shugaban gwamnati, Bubu Hama shugaban majalisa. 'Yan kujerun da Sawaba ta samu ma aka soke su, sannan a watan Oktoba na 1959 aka haramta jam'iyyar baki ɗaya, Jibo ya yi gudun hijira zuwa Bamako. Ke nan ranar 3 ga Agusta 1960, waɗanda suka yi yaƙin a ƙi mulkin kai shekara 2 da suka wuce su ne suka karɓe shi, wanda ya neme shi tun farko kuwa yana ƙasar waje. Wannan abu ya zauna a zukatan mutane da yawa, musamman a Damagaram da Tasawa da Maraɗi, kuma ita kanta gwamnatin ta san da haka, shi ya sa tun ranar farko take barci da ido ɗaya.

Ƙasa Ga Faɗi, Ma'aikata Babu

Matsala ta biyu ita ce ta waɗanda za su yi aikin. Faɗin Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ne, wato ta fi Nijeriya girma, amma kusan kashi 2 cikin 3 hamada ce. Mutanenta a lokacin kimanin miliyan 3 ne, mafi yawansu a jere suke a ɗan siririn yankin kudu da ke samun damina. Yamai kanta ba ta wuce mutum 30,000 ba. Faransawa sun riƙe ƙasar a matsayin yankin soja har zuwa 1922, kuma ba su ɗauke ta wurin da za a kashe kuɗi ba. Lokacin da suka miƙa mulki, cikin yara 100 da suka isa shiga lakwal, kimanin 4 ne kawai ke zuwa. Babu jami'a ko ɗaya, sai a 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi da ta zama jami'ar Yamai. Akawu da malamin makaranta da malamin asibiti da mai buga waya a gidan waya, galibinsu baƙi ne da Faransa ta kwaso daga Dahome da Togo da Senegal da Mali.

To ga ministoci an naɗa, ga ofisoshi, wa zai rubuta kasafin kuɗi, wa zai yi shari'a, wa zai duba marasa lafiya? Ba a fafe gora ranar tafiya. Dole gwamnati ta riƙe Faransawan da ta tarar, aka sake musu suna aka ce mashawarta ne. A wurare da yawa talaka ya wayi gari ya ga kwamandan da ya sani jiya shi ne dai a bariki yau, tuta kawai aka canja. Hatta taken ƙasa da aka amince da shi a 1961 Bafaranshe ne, Maurice Thiriet, ya rubuta baitocinsa, kuma shi aka yi ta rerawa har zuwa 2023. Wani abin takaici kuma, 'yan ƙasar ƙalilan da suka yi karatu mai zurfi, da yawansu ra'ayinsu bai zo ɗaya da na gwamnati ba. Abdu Mumuni, masanin kimiyyar nan da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Mali ya yi aikinsa a waɗannan shekaru, sai a 1969 ya dawo gida. Ga kuma ɗimbin malamai masu karatu da rubutu da Larabci da ajami, waɗanda tun da harshen gwamnati Faransanci ne, a lissafin hukuma jahilai ne.

A nan ya kamata a yi wa gwamnatin Jori adalci, domin ba ta naɗe hannu ba. Ta buɗe makarantar horon ma'aikatan mulki ta ENA a 1963. Ta kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a ƙauyuka tun 1962, inda mutane ke taruwa su ji shiri da harshensu, a ɗauki muryarsu a mayar gidan rediyo. Ta fara yaƙi da jahilci na manya cikin harsunan ƙasa, sannan a 1964 ta gwada koyar da yara ta hanyar talabijin saboda ƙarancin malamai, abin da ƙasashe kaɗan ne suka taɓa gwadawa a wancan zamani. Sai dai ilmi ba shukar gero ba ne da za a girbe a wata 3.

Gyaɗa, Haraji da Hanya

Matsala ta uku, wadda a ganina ita ce uwa, ita ce ta kuɗi. Nijar ba ta da teku, ba ta da jirgin ƙasa, titin kwalta kuwa ɗan kaɗan ne. Ko a Yamai sai da jirgin fito ake ƙetare kogin Kwara, gadar Kennedy sai a 1970 aka buɗe ta. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne na burji da yashi, zuwa Gigimi a bakin tafkin Chadi kuwa kusan 1,500. Abin da ƙasar ke sayarwa waje ta sami kuɗi abu biyu ne, gyaɗa da dabbobi. Gyaɗa ita ce ke kawo fiye da rabin kuɗin, kuma a ƙasar Hausa ake noma ta, daga Madawa da Maraɗi zuwa Tasawa, Matamaye, Magarya da Damagaram. Dabbobin kuwa, shanu da tumaki da raƙuma, da ƙafa ake kora su kasuwannin Nijeriya, mafi yawa ba tare da sun bi ta gaban ɗan duwan ba.

Hanyar da Allah ya yi wa wannan gyaɗa ita ce kudu. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Guru a 1930, daga Damagaram zuwa Kano kuma ba ta wuce kilomita 250 ba. Amma Faransa ba ta son arzikin yankinta ya dogara da tashar Ikko ta Ingilishi, don haka tun shekarun 1950 ta ƙirƙiro tsarin ɗaukar gyaɗa a mota zuwa Faraku ta ƙasar Dahome, daga nan a sa ta a jirgin ƙasa zuwa Kwatano. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta OCDN don tafiyar da wannan hanya. Gwamnatin Jori ta gaji wannan tsari da tsadarsa, ta kuma gaji kuɗin sefa wanda ke ɗaure da kuɗin Faransa, sefa 50 a kan faran ɗaya, ita kuwa kasuwar kan iyaka sule da fam ta sani.

Don ta karɓe cinikin daga hannun manyan kamfanonin Turawa, gwamnati ta kafa bankin raya ƙasa na BDRN a 1961, sannan a 1962 ta kafa SONARA mai sayen gyaɗa, da COPRO-Niger mai shigo da kayan masarufi, da UNCC mai kula da ƙungiyoyin gama-kai na manoma. Niyyar mai kyau ce, kuma noman gyaɗa ya yi ta ƙaruwa har tsakiyar shekarun 1960. To amma ina ribar ke zuwa? Hukuma ce ke yanke farashin da za a ba manomi, bambancin da ke tsakaninsa da farashin Turai kuma shi ke tafiyar da ofisoshin Yamai. Lasisin sayen gyaɗa a kasuwannin kaka ya zama abin saka wa 'yan jam'iyya da shi. Da Faransa ta fara janye rangwamen farashin da take yi wa gyaɗar tsofaffin ƙasashenta, saboda ƙa'idojin kasuwar tarayyar Turai, sai aka sauke asarar a kan manomi.

Bayan wannan ga haraji, wanda mutanen Nijar ke kira lanho, ga jangali a kan dabbobi. Tun da babu masana'antu, babu ma'adinai, kan talaka shi ne ma'adinin gwamnati. Da zarar an yi kaka sai mai gari da dogarai da gardawan kwamanda su fito, kuɗi hannu ake so, shi ya sa ko wanda ba ya son noman gyaɗa dole ya noma ta don ya biya lanho, ya rage gonar hatsinsa. Wanda ya kasa, ya sayar da akuya, ko ya tafi cin rani Kano ko Ikko ko Kumasi, ko kuma ya kwashe iyalinsa da dare ya ƙetara Daura ko Katsina. Duk da wannan matsi kuɗin ba ya isa, sai Faransa ta cika giɓin kasafin shekara. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Gabas da Yamma

Matsala ta huɗu ita ce ta haɗa kan mutanen da taswirar Turawa ce kawai ta tara su. Damagaram ce hedikwatar ƙasar a da. Faransawa ba su taɓa sakin jiki da ita ba, tun da a 1906 suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya musu tawaye suka tuɓe shi, kuma suna ganin zuciyar mutanenta a Kano take. A 1926 suka mayar da hedikwata Yamai. Daga nan makarantu da aikin gwamnati da aikin soja suka fi yawa a yamma, a hannun Zabarmawa da Sanwai, waɗanda kimanin kashi 1 cikin 5 ne na jama'a. Ba laifin waɗannan ƙabilu ba ne, tsarin mai mulki ne, amma sakamakonsa shi ne aka wayi gari manyan da ke juya ƙasar, wato Jori da Bubu Hama da ministan cikin gida Jamballa Maiga, duk daga yamma suke, haka ma mafi yawan 'yan kwamitin ƙoli na jam'iyya. Gabas na noma gyaɗa tana biyan haraji, yamma na rabawa. Da irin wannan ƙorafi Sawaba ta ci gaba da samun masu saurarenta a ɓoye.

Dabarar da Jori ya yi ita ce ya jingina da sarakuna. Ya mayar da martabarsu, ya sa wasu a majalisa, wasu ma ya ba su minista, su kuma suka riƙe masa talakawa. A ɓangaren arewa ya buɗe ma'aikatar harkokin sahara da makiyaya, ya damƙa ta ga Muddur Zakara, basaraken Abzinawa. Wannan ya yi amfani, domin lokacin da tawayen Abzinawa ya ɓarke a yankin Kidal na Mali a 1963, aka murƙushe shi da ƙarfin tsiya, wutar ba ta kama Agadas ba. A 1964 kuma aka raba ƙasar zuwa jihohi 7: Yamai, Doso, Tawa, Maraɗi, Damagaram, Difa da Agadas. Sai dai jingina da sarakuna na nufin duk abin da talaka ya yi kuka da shi a zamanin Nasara, na mai gari da na dogari, ya ci gaba, kuma yanzu babu jam'iyyar da zai kai wa ƙara.

Shekarar 1963: Ana Wata Ga Wata

Shekarar 1963 ta zo wa shugabannin yankin da firgici. A watan Janairu sojoji suka kashe Shugaba Olympio na Togo. A watan Oktoba aka hamɓarar da Hubert Maga na Dahome, abokin Jori a ƙungiyar ƙawance ta Entente da suka kafa a 1959 tare da Kodibuwa da Bolta ta Sama, wato Burkina Faso ta yau. Rundunar sojan Nijar kuwa jaririya ce, a 1961 aka kafa ta da tsofaffin sojojin Faransa. A watan Disamba wani hafsa, Kyaftin Hasan Jallo, ya yi bore a Yamai. An lallaɓa an kashe wutar, daga baya aka kama shi da wasu, har da wani minista. Tun daga nan Jori ya daina amince wa sojansa, ya ƙara dogara ga sansanin Faransa da ke Yamai bisa yarjejeniyar tsaro ta watan Afrilu 1961, ya kuma ƙarfafa 'yan bangar jam'iyya. Sojoji ba su manta da wannan wulaƙanci ba.

A cikin wannan wata ne kuma rikici ya tashi da Dahome. An taɓa wasu 'yan Nijar a hargitsin da ya kayar da Maga, ga kuma tsohuwar gardama a kan tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara kusa da Gaya. Gwamnatin Nijar ta fusata ta kori dubban 'yan Dahome, ciki har da ma'aikatan da ofisoshinta da makarantunta suka dogara da su. Dahome ta rama, ta rufe hanya, kayan Nijar suka maƙale a tashar Kwatano. A 'yan makonni gwamnati ta ga matsalolinta biyu tsirara: ba ta da ma'aikatan kanta, ba ta da hanyar kanta. An sasanta a 1965, amma maganar Lete ba ta mutu ba sai a 2005 da kotun duniya ta yanke hukuncin cewa tsibirin na Nijar ne.

Raƙumi Ya Dawo da Bindiga

Duk wannan lokaci Sawaba ba ta mutu ba. Da yawa daga 'ya'yanta sun sami mafaka a Kano wurin 'yan NEPU, yayin da gwamnatin NPC ta Sardauna ke tare da Jori, wato kowa ya gane ɗan'uwansa a ƙetaren iyaka. Jibo ya koma Gana wurin Nkrumah, aka riƙa fitar da samari a ɓoye ana kai su horon soja a Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa da ita kanta Gana. A watan Oktoba na 1964 'yan ɗaruruwan dakarun Sawaba suka shigo ƙungiya-ƙungiya ta iyakokin kudu da yamma, suna zaton da zarar an ji ƙarar bindiga talakawa za su tashi. Lissafin bai yi ba. Gwamnati ta riga ta sami labari, ta sa sarakuna suka tara mutanen ƙauye da kwari da baka, tare da jandarmomi da 'yan banga, Faransawa na dafa musu. Cikin 'yan makonni aka gama da su. Aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai, aka bi gida-gida ana kama duk wanda aka taɓa jin ya ambaci raƙumi, aka cika gidajen kaso har can cikin sahara, wasu ba su fito da rai ba.

Ranar 13 ga Afrilu 1965, ana sallar layya a filin idi na Yamai, wani ɗan Sawaba mai suna Amadu Diop ya jefa wa Jori gurneti. Shugaban ya tsira, amma wani yaro ya rasu, wasu suka ji rauni. Nijar ta ɗora laifin a kan Gana, har ita da ƙawayenta suka ƙaurace wa taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da aka yi a Akara a wannan shekara. A ƙarshen Satumba aka yi zaɓen shugaban ƙasa, Jori kaɗai ne ɗan takara, aka ce ya sami fiye da kashi 99 cikin 100. Da sojoji suka kifar da Nkrumah a watan Fabrairu 1966, Sawaba ta rasa madafa, Jibo ya koma Gini. Wanda ke son cikakken labarin wannan gwagwarmaya, masanin tarihi Klaas van Walraven ya fitar da babban littafi a kanta a 2013, bayan ya yi hira da tsofaffin 'yan jam'iyyar da suka rage.

Abin da Aka Samu da Abin da Aka Rasa

Ba daidai ba ne a ce Jori ɗan amshin shatan Faransa ne kawai. Lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, Faransa da Kodibuwa sun karkata ga Biyafara, shi kuwa ya tsaya tare da gwamnatin Gowon, har ya karɓi baƙuncin zaman sulhu a Yamai a 1968, domin ya san abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ya nemi sababbin abokai irin su Kanada, waɗanda suka taimaka da hanyar gabas zuwa Gigimi. Da aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, ya matsa wa Faransa ta ƙara farashi, musamman bayan tashin farashin man fetur na 1973. Ya riƙe ƙasa mai ƙabilu da yawa shekara 14 ba ta tsage ba, a zamanin da maƙwabtansa ke ta juyin mulki da yaƙin basasa.

Amma nasarar da ya yi a kan Sawaba ita ce ta zame masa tarko. Bayan 1965 babu sauran mai faɗa masa gaskiya. Jam'iyyarsa ba ta sake kiran babban taro ba tun 1959, tsofaffin fuskoki ne dai a kan kujeru. Da fari ya fara a 1968, ya tsananta a 1972 da 1973, dabbobi suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu, manomin da aka tura noman gyaɗa ya duba rumbu babu hatsi, masu karɓar lanho ba su fasa fita ba, labarin karkatar da hatsin agaji kuma ya cika gari. Babu majalisar da za ta tsawata, babu jaridar da za ta rubuta, babu zaɓen da za a jira. Ƙofa ɗaya ta rage, ita ce ta bariki. A daren 14 wayewar 15 ga Afrilu 1974 Laftanar-Kanar Saini Kunce ya yi juyin mulki, aka kashe uwargidan shugaban, Hajiya A'isha, aka tsare Jori. Sojojin Faransa da ya dogara da su suna nan Yamai, ba su motsa ba.

Kammalawa

Jori ya yi shekaru a tsare, ya rasu a Rabat ta ƙasar Maroko a 1989. Jibo ya dawo gida a 1974, Kunce ya ɗaure shi a 1975, ya daɗe a kurkuku, ya rasu a 1998. Sai a 1993, shekara 33 bayan mulkin kai, 'yan Nijar suka zaɓi shugaba tsakanin 'yan takara da yawa, suka kuma zaɓi Mahamman Usman, mutumin Damagaram. Tambayoyin da aka danne a 1958 kuwa sun sake tasowa: bayan juyin mulkin 2023 sojojin Faransa sun fice daga ƙasar a watan Disamba na wannan shekara, a 2024 aka cire sunan de Gaulle daga wani babban titi na Yamai aka sa na Jibo Bakari, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Filin jirgin saman birnin yana ɗauke da sunan Jori Hamani.

Wasu matsalolin da Jori ya tarar, irin su rashin teku da rashin ma'aikata da ƙarancin ruwan sama, ba shi ya jawo su ba, kuma da Jibo ne ya hau, da su zai yi ta fama. Amma haramta adawa da ɗora wa manomi nauyin gwamnati zaɓi ne da shi da abokansa suka yi, kuma su ne suka kai shi ƙasa. Ina fata 'yan'uwanmu na Nijar da ke karanta wannan, musamman waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka ga zamanin giwa da raƙumi, za su zauna da su su ɗauki labarin daga bakinsu su rubuta shi da Hausa, domin mafi yawan abin da aka rubuta a kan wannan zamani da Faransanci da Ingilishi yake, masu labarin kuwa kullum raguwa suke yi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Wassalam.